Zuwa ga Wakilina na Gidajen Biki

Madarunfa, Laraba bayan la'asar

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da yake tafiyar da za ta yi ba ta wuce taku goma sha biyu ba, daga zaure zuwa ɗakinka, bisa faifan da Innarku ke rufe maka tuwo da shi. Allah Ya kai ta lafiya. Kai ma Ya kai ka lafiya ranar Asabar, Ya tsare ka a hanyar Yamai, Ya tsare ka a cikinta.

Kafin komai akwai sanarwa, kuma ina so a karanta ta a tsaye. Bayan dogon nazari, da zama biyu da aka yi da Innarku, wanda a ɗaya aka tashi ba a shafa fatiha ba, hukumar gidan nan ta zartar cewa kujera ta biyu ta zaure, mai saƙar igiyar roba kore da fari, wadda ƙafarta ta hagu ke ɗan ɗingishi, ta zama taka daga yau. Za a ɗaure ta a saman kar, motar da za ta kai ka, ta bi ka. Babu ɗaukaka ƙara. Na san za ka ji kunyar sauka tasha da kujerar tsofaffi a ka, 'yan uwanka ɗalibai suna jan akwati mai taya. Ka daure. Kunyar ta yini ɗaya ce, kujerar kuwa ta girme ka da shekara biyu, kuma ba ta taɓa kayar da kowa ba.

Sanarwa ta ƙare, kana iya zama.

Ka san dalilin da ya sa nake rubutu alhali gida ɗaya muke kwana. Yau kwana ashirin da uku ke nan ba abin da ke shiga tsakaninmu sai "ina kwana" da "lafiya lau". Ka daina cin tuwo a zaure. In ka jiyo tarina a ƙofa sai ka tuna awaki ba su sha ruwa ba. Tun ranar da maƙwabta suka zo yi mana barka da samun gurbinka a jami'a. Kana tsugune kana haɗa musu shayi, wani ya kira ni da laƙabinmu na malaman makaranta, ya ce, "Mushe, Yamai ta ƙwace mana mai mikro. Yanzu wa zai riƙa raya mana biki?" Ni kuma, da ban taɓa iya barin magana mai daɗin faɗi ta wuce ni ba, na ce, "Ku yi haƙuri, ai mun kafa tarihi. Mun fitar da maroƙi na farko mai takardar bak ta gama sakandare." Aka yi dariya sosai. Ka gama zuba shayin, ka miƙa wa kowa kofinsa har da ni, ka kwashe kayanka ka fita.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ka ci. Shekara ashirin ban kira sunanka ba, ban zaunar da kai mun yi doguwar hira ba, mutane suna cewa Mushe akwai kunya. Kunyar tana nan, amma kuma wuri ne mai daɗin ɓuya, na kuwa ɓuya. Yanzu saura kwana uku. Ba na so ka hau kar da shirun nan, don na san yadda yake tafiya. Hutun farko za ka ce karatu ya yi yawa, na biyu ka ce hanya ba kyau, daga nan sai in riƙa jin labarinka a bakin Innarku, in ta ga dama.

Zan dawo kan wannan. Bari in fara da abin da na fi iyawa, wato ba da darasin da ba a tambaye ni ba. Shekara talatin da ɗaya ina yi.

Kai ka tashi ka tarar da ni a kujera, littafi a ƙirji, radiyo a gefe, har ka ɗauka a haka aka haife ni. Lokacin da aka tura ni makarantar horon malamai a Damagaram ina da shekarunka, da gashi a kaina, da wani wando mai faɗin ƙafa da ke share wa gari titi kyauta. Ni da Sanusi, wannan dai Alhaji Sanusin da ya ajiye alli ya kama sitiyari, mai tumbi da kamiyo uku a hanyar Ɗan Isa, ba a yin bal, wato rawar dare, a garin ba mu. A lokacin ba sai an gayyace ka ba. Ka fito bayan isha ka kasa kunne, inda kiɗa yake can ka nufa. Ni ne mai naɗe zaren kaset da alƙalamin bik in ya warware. Ana girmama ni saboda wannan, kada ka yi dariya.

Shekara uku na yi a can. Da na dawo da takardata, na iske kakanka a bakin tabki yana gyaran komarsa. Mutum ne da bai taɓa wuce Maraɗi da Jibiya ba, amma duk wanda ya dawo daga tafiya sai ya tatse shi tas. Muka gaisa, ya ce,

"Isufu, an ce a Birnin Damagaram akwai gidajen da aka yi wa zane a bango, kamar yadda ake yi wa ƙwarya."

Na ce, "Akwai su, Baba."

"Da wuƙa ake yi ko da hannu?"

Na ce da hannu. Na ƙara da cewa wasu da wuƙa, don kada in faɗi duka.

"Duwatsun fa? An ce akwai wanda ya fi rumbu uku, mutane sun gina ɗaki a jikinsa."

Na ce ƙwarai, har huɗu.

Ya ci gaba da ɗaurin komarsa, bai ɗago ba. Can ya ce, "To. Ashe da dare ka je garin."

Ban taɓa shiga Birni da rana ba, Babana. Na san wani fili a bayansa inda ake rataya fitila a jikin dogonyaro, na san gidan da ake aro benci. Gidajen zanen kuwa a littafin 'yan aji biyar na fara ganinsu, ina nuna wa yara hoton da sanda kamar a ciki aka yanke mini cibiya.

Saboda haka ka ga Yamai da rana. Ni sai da na kai arba'in na je ta, horo na mako ɗaya, kuma a makon nan na ga abin da ban gani ba a shekara uku na Damagaram, don ƙafa ta riga ta fara hana ni wauta. Ka je bakin kogi da la'asar ka ga jiragen kwale-kwale suna sauke kabewa. Ka shiga gidan kayan tarihi, akwai ƙasusuwan wata dabba ta zamanin da da aka tono a hamada, ka tsaya ƙarƙashinta ka ji yadda girman kai ke sauka. A harabar wurin akwai maƙera da dukawa da masaƙa, kada ka wuce su kamar baƙon da ke sauri. Ka zauna kusa da ɗaya, ka tambaye shi wa ya koya masa. Ka nemi ɗakin karatu ka yi kati. In an ce ana wasan kwaikwayo da yamma, ko kokuwa, ka je. Wani lokaci ka tafi kai kaɗai, ba tare da abokin da za ku riƙa ɗaukar juna hoto ba. Abin da nake so shi ne, ranar da wani tsoho zai tambaye ka da wuƙa ake yi ko da hannu, ka san amsar.

Darasin kakanka bai kama ni nan take ba. Aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Sarkin Yamma, aji ɗaya na zana. Na sayi tsohuwar mobilet, ɗan ƙaramin babur. Kowace Asabar in an tashi sai Maraɗi, in dawo Litinin da sassafe kai tsaye aji, ƙasa har gira. Na ƙirƙiro wani darasi na safiyar Litinin na sa masa suna karatun zuci. Kowa ya buɗe littafi ya yi shiru, ni kuma in dafe goshi kamar mai tunanin makomar ƙasa. Ina ganin na yi wayo. Wata huɗu ana haka. Wata Litinin na shiga aji na tarar da matashin kai a kan teburina, sabo fil, na audugar rimi, an ɗinke shi da ƙyallen atamfa. Aka ce mai gari ne ya aiko, iyayen yara suka haɗa, wai teburin gwamnati yana da tauri, kada wuyan Mushe ya ƙage.

Ba wanda ya kai ƙarata wajen ansifekta. Da sun kai da na fi jin daɗi, don na iya rubuta takardar kare kai da faransanci mai kyau. Wannan kuwa kyauta ce, dole in je in yi godiya. Na tsuguna gaban mai gari, ya ce,

"Ba komai, Mushe. Mu dai da aka ce mu saki yara daga kiwo su zo lakwal, mun ɗauka aikin can ya fi na nan. Ashe hutu ne. To a huta gajiya."

Barcin da ka ƙi yi da dare ba ya ɓacewa. Yana nan yana jiranka a wurin da zai fi ba ka kunya, kuma yawanci ba kai kaɗai yake cuta ba. Har yau akwai wani mai amalanken jaki daga 'yan ajin nan da ke kawo mini takarda in karanta masa. Yana cire takalmi a ƙofar zaure, yana ce mini Mushe da ladabi. Ba na cewa Litinin ɗina ce kaɗai ta hana shi karatu. Amma duk ranar da ya zo, ba na iya cin abincin rana da daɗi.

Bayan nan na auri Innarku, aka dawo da ni gida aiki. Ina so in ce maka tuba na yi, amma ruwa ne ya tsare ni. Wata Asabar da damina gulbi ya cika, hanyar Maraɗi ta yanke, na zauna gida ina huci kamar an ɗaure ni. Innarku ta soya kifin tabki, ta tuƙa tuwon gero da miyar kuɓewa. Muka ci. Don rashin abin yi na ɗauko wani tsohon littafin tarihi, ina karantawa ina juya mata shi da Hausa, ita kuma tana ɓarar gyaɗa tana faɗa da sarakunan da suka mutu tuntuni. "Shi wannan ba shi da mai gaya mishi gaskiya ne?" "A'a, tsaya, wa ya bari da matan da yaran da ya tafi yaƙin?" Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da asuba na tashi ba na jin haushin ladan, karo na farko cikin shekaru. Na kwanta ina lissafi: a duk bal ɗin da na je, ban tuna magana ɗaya da wani ya gaya mini ba, don ba a jin magana. Ihu ake yi a kunnen juna ana gyaɗa kai.

Daga nan na gano cewa garin da aka haife ni ma da dare na san shi. Na fara zuwa bakin tabki da la'asar in ga tsuntsayen da ke zuwa da sanyi daga inda ba mu sani ba. Na zagaya kaburburan bayin Allah da ke kewaye da ruwan, na zauna da masu kula da su, kowa da nasa labarin, kuma kowa ya tabbata na maƙwabcinsa ƙari ne. Nakan ɗauki Innarku a mobilet mu je kallon wasan kwaikwayo a gidan matasa na Maraɗi, mu sayi tsire na dala ashirin, mu dawo kafin isha. Sau ɗaya mun tafi da kai, kana ɗan shekara biyar. A hanyar dawowa ka maimaita mana wasan kaf, muryar alƙali daban, ta ɓarawo daban, har Innarku ta kusa faɗowa don dariya. Na ce mata yaron nan aku ne. Ka ga tun a lokacin na iya sa wa abu sunan da zai rage shi.

Wannan rayuwar ita nake so maka, ba na ɓoyewa. Tuwo mai zafi, ƙafa a miƙe, shayi ɗaya mai kyau, mutum ɗaya ko biyu da ake jin maganarsu, da fita wadda ake dawowa daga ita da abin faɗi. Na gwada biyun, wannan ta fi.

Sai dai ni ban iya tsayawa a tsakiya ba. Da na gane daɗin gida sai na mai da shi ganuwa. Ɗaurin aure da jana'iza ina zuwa, tunda da safe ne kuma a tsaye ake yi. Amma duk taron da aka ce bayan isha ne, da lasifika da kujerun haya, sai ƙafa ta motsa, ko mura ta kama ni, ko gyaran kaye, wato littattafan aikin yara, ya taru. Mutane suka fara magana. A nan ne na yi dabarar da nake alfahari da ita shekara shida.

Kana da shekara goma sha huɗu. Wani abokin aikina yana aure, an shirya suware, bikin dare, ni kuma an kawo mini sabon littafi daga Maraɗi a ranar. Innarku ta ce dole wani ya je daga gidan nan. Na duba tsakar gida na gan ka. Tun kafin ranar na sa tela ya ɗinka maka babbar riga don salla, na ce ka sa ta, ka je ka ce Mushe yana gaisuwa, ba ya jin daɗi. Washegari duk wanda na gamu da shi sai ya riƙe hannuna. Ashe an ba ka mikro ka isar da saƙon, ka isar da shi da muryata, har da gyaran tabarau da ɗan tarin da nake yi kafin in yi ƙarya. Ango ya ce bai taɓa jin daɗin rashin zuwan mutum irin nawa ba. Na dawo gida ina jin kamar na tono rijiya a tsakar ɗakina. Daga ranar duk katin da ya zo sai in miƙa maka ban ko buɗe ba. Suna, aure, walimar alhazai, bikin sauyin aiki, har Gabi da Safo ka je da sunana. Ni ina kujera ana kawo mini godiya.

Kujeru biyu na sa aka saƙa mini tun farkon aurena, ɗaya tawa, ɗaya ta Sanusi. Wadda za ka tafi da ita tasa ce. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nan yake zama, ya sha shayina ya zage shi, ya ce, "Isufu, kai fa ka mutu, binnewa ce aka manta." In ce masa gara ni, shi ko mutuwar ba zai samu lokacin yi ba. Haka muke. Da zai aurar da ɗiyarsa ta fari, bai aiko kati ba, da kansa ya zo da goro. Ya ce,

"Wannan karon ba na son ɗanka."

Na ce, "Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Ya fi ka kyau, ya fi ka baki, ya fi ka kunya. Amma ba da shi na yi yawon Damagaram ba. Zan sa a ajiye kujera kusa da tawa. Awa ɗaya, Isufu. Ka zo ka yi mini wannan fuskar taka ta mai ciwon ciki, ka tafi."

Na ce in sha Allah. Na je ɗaurin aure da safe, na tsaya a baya. Da dare na ji iska ta yi sanyi, na dubi bargo, na dubi takalmi, na kira ka. Kai ka san sauran, tunda kai ka ga kujerar. Ban taɓa tambayarka ko wani ya zauna a kanta ba. Shekara huɗu ke nan Sanusi bai shigo zauren nan ba. Ba mu yi faɗa ba. In ya wuce a mota yana danna mini oda, ni kuma in ɗaga littafi.

To ka ji wannan da kyau, don shi ne darasin da ya fi tsada a wurina. Son zaman gida halal ne, amma akwai taron da ba a zuwa don daɗinsa. Ana zuwa ne don wani ya waiga ya gan ka. Irin wannan ba su da yawa, a shekara ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma za ka gane su: mai shi da ƙafarsa yake zuwa. Ka je, ko da lasifikar za ta tsaga maka kai. Sauran kuwa, na wanda bai san sunanka ba sai don kana raya wuri, ba laifi in sun yi ba kai.

Shekaranjiya ina ta mita a tsakar gida, ina cewa dare ya riga ya ci rabin yaron nan, Yamai za ta ƙarasa sauran. Innarku tana tankaɗe. Ta ce,

"Malam, in tambaye ka?"

Ka san in ta fara da haka gara mutum ya nemi wurin zama.

"Wa ya sa mishi babbar riga yana ɗan shekara sha huɗu ya tura shi cikin manya?"

Na ce, "Wannan ai wakilci ne."

"Wa ke miƙa mishi kati ko an gama jarrabawa ko ba a gama ba?"

"Ai ya ci bak ɗinsa."

"Ya ci, ba da taimakonka ba. Kai ka aike shi, ya je ya iya, sai ka zage shi da iyawar a gaban mutane. Saura tambaya ɗaya. Ka taɓa jin shi? Sau ɗaya?"

Na ce in iska ta juyo ina jiyowa daga nan.

Ta ce, "Lasifika kake ji." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Na yi kwana biyu ina neman amsar da zan ba ta, ni da na karanta littattafan da suka cika kwali bakwai. Ban samu ba. Shekara shida kana magana da sunana a gaban jama'a, ban san me kake cewa ba. A bakin mutane nake jin wai ba ka yi wa kowa kirari, ba ka karɓar liƙi, wai in dangin ango da na amarya suka fara hararar juna kan wurin zama kai kake sa su dariya har su manta. Roƙo sana'a ce ta masu ita, sun gada, ba abin zagi ba ne a bakin mai hankali. Amma ni na san da wace murya na faɗa, kai ma ka sani.

Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi. Na gaji da yawa da zan fara sauya ra'ayi yanzu. Ido ya fara gajiya, gwiwa tana gaya mini zuwan ruwa kafin radiyo, saura shekara biyu in ajiye alli. Har gobe ina ganin yawancin abin da ake yi bayan ƙarfe goma na dare maimaici ne na abin da aka yi kafin goma, da ƙarin ƙara. Kuma ina jin tsoron Yamai a kanka, don ka fi ni abin da dare ke so. Ni zaren kaset kawai na iya naɗewa, kai kuwa mutane kake iya riƙewa. Za su gano ka cikin wata ɗaya. Za a riƙa kiran wayarka ana cewa ba kai ba taro, kuma daɗin jin wannan ya fi na kiɗan haɗari.

Ba zan ce ka ajiye mikro ba, ba ni da bakin faɗin haka. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ka gyara ɗakinka ya zama wurin da za ka so komawa. Yawancin samarin da ke kwana a titi ba titin suke so ba, ɗakin ne ba ya zaunuwa: katifa a ƙasa, kaya a ƙusa, kwano da tuwon shekaranjiya. Ka sa labule. Ka share. Ka sayi tukunya ɗaya ka koyi dafa abu biyu, ko shinkafa da wake ne. Ka ajiye littafi ɗaya wanda ba na jarrabawa ba. Ka samu aboki wanda za ku iya zama awa ɗaya ba waya a hannu, in ya zo ka ba shi kujerar, kai ka zauna a tabarma. A mako ka ware darare waɗanda ko wa ya kira ba ka nan, kuma kada ka ce ba ka da lafiya, ka ce kana gida. Ni ƙaryar ciwo na yi ta yi har ciwon ya ji ana kiransa ya zo.

In kuma ka je, ka koyi tashi. Ba a koyar da shi a lakwal, ni ma da tsufa na gane. In ka ji an sake sa waƙar da aka riga aka sa, ko ka ga kanka kana dariyar maganar da ba ka ji ba, taron ya ƙare, saura gajiya. Ka nemi mai gida ka yi masa sallama a fuska, kada ka sulale. Ka tafi tun ana cewa ka ɗan ƙara. Kuma duk inda dare ya kai ka, asuba ta same ka a kan ƙafarka.

Jibi Juma'a Sanusi yana aurar da autarsa. Na ga katin a kan taga, sunanka ne a jiki, ba nawa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na san kai za ka riƙe mikro, na ƙarshe kafin ka tafi. Zan zo. Ba na neman wakili. Na sa Innarku ta fito da rigata ta shanya, tana ta yi mini kallon wanda zai tafi Makka a ƙasa. Zan zauna nesa da lasifika in Sanusi ya bari, in bai kula ni ba kuma zan zauna duk inda na samu. Zan yi fuskar mai ciwon ciki, kada ka damu, haka take. Kada ka ambaci sunana, kada ka sa a tafa mini. Ka yi aikinka kamar ba na nan, ina so in ji abin da garin nan ke ji shekara shida. Wajen ƙarfe goma zan tashi. In ka samu wanda zai riƙe maka na minti goma, ka raka ni zuwa kwanar masallaci, hanyar ba ta da fitila kuma idona ka san yadda yake. In ba ka samu ba, zan gane.

Allah Ya yi maka albarka, Babana. Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin dare da na rana. Ya buɗa maka karatu, Ya ba ka barci mai daɗi da farkawa mai daɗi. Ya tsare maka harshenka fiye da yadda na tsare nawa. Ya dawo mana da kai muna raye. Innarku ba ta san abin da na rubuta ba, amma ta ce in gaya maka ka cinye tuwon kafin ka karanta, kada ya huce.

Mahaifinka,
Isufu

Maganar da na yi a gaban mutane ranar nan, ban yi daidai ba. Ni ne da laifi. Ka yafe mini.